Wa Ya Taɓa Bututun Mushe?

Habsatu tana lakol, wato makarantar boko, a Cadawa. Wata rana malaminsu, Mushe Labo, wato Malam Labo, ya aro madubin hangen taurari a wurin abokinsa na Agiye. Kwana uku kawai aka ba shi. Yara suka sa wa madubin suna Bututu.

Bututu yana tsaye a kan ƙafa uku. Ba shi da inji. Da hannu ake juya shi, ana murɗa wasu ƙarafa biyu a hankali. A bayansa akwai wani ƙaramin bututu. Shi kuma suka kira shi Ɗan Goyo. Da shi ake fara saiti, sannan a leƙa babban.

Kakar Habsatu, Gogo, ta ji labari.

"An ce akwai wurin da ake ƙyanƙyasar taurari," in ji Gogo. "In kin gano shi, ki zo ki kira ni. Ina son in gani da idona."

"Zan kira ki, Gogo. Na yi alkawari."

A rana ta uku, bayan sallar isha'i, yara suka taru a filin lakol. Gobe da safe za a mayar da Bututu.

"Kowa ya kashe tocila," in ji Mushe. "Ido sai ya saba da duhu kafin ya ga abu marar haske."

Ya nuna sama. "In baƙo ya tambaye ku gidan liman, me kuke ce masa?"

"Ya je rijiya, daga nan ya bi gawo, sai ya ga ƙofar," in ji Mas'ud, abokin zaman Habsatu a aji.

"To, haka sama take. Ga Kaza da 'ya'yanta. Ita ce rijiyarmu. Daga ita sai jan tauraron can. Daga shi sai taurari uku a jere. Kusa da su akwai wasu ƙanana. A tsakiyarsu abinmu yake."

Habsatu ta bi hanyar. Ta ɓata sau biyu, ta koma kan Kaza. A na uku ta leƙa babban bututu. Sai ta ga wani abu kamar hayaƙi, da 'yan taurari a cikinsa.

"Mushe! Ga shi!"

Mushe ya leƙa. "Shi ne. A cikin gajimaren nan sababbin taurari ke fitowa."

"Mas'ud, tsare mini shi," in ji Habsatu. "Kar kowa ya taɓa!" Ta ruga gida.

Gogo ba ta sauri. Sai da ta nemi sandarta. Sai da ta gaisa da mai ƙosai, ta tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya. Da suka iso, ta duƙa ta sa ido.

"Ke 'yar nan, duhu kika kira ni in gani? Ai muna da shi a gida."

Yara suka yi dariya. Habsatu ta leƙa. Babu komai.

Ranta ya ɓaci. Ta kunna tocila, ta haska fuskar Mas'ud.

"Kai ka taɓa shi!"

"Wallahi ban taɓa ba. Ko kusa ban bari an je ba."

"Ƙarya kake! Baƙin ciki kake don ni na gano!"

Mas'ud ya je jikin bango ya zauna.

Habsatu ta kama Bututu, ta juya shi dama, ta juya shi hagu. Babu komai. Ta ɗaga kai, har 'ya'yan Kaza sun dusashe mata. Hasken tocila ya kashe mata ido, ita da kowa.

"Saura kaɗan mu tashi," in ji Mushe. "Iyayenku suna jira."

Hawaye suka zo wa Habsatu. Gobe babu Bututu, kuma Gogo ba ta ga komai ba.

Gogo ta karɓe tocilar, ta kashe. "Zo nan, sarauniyar gaggawa. Tsaya nan. Rufe ido ɗaya. Ɗora tauraron can a kan sandar tuta. Kin ɗora?"

"Na ɗora."

"To, kar ki motsa."

Habsatu ta tsaya cik. Can sai ta ce, "Gogo, ya sauka daga kan sandar!"

"Af! Wa ya taɓa shi? Halan Mas'ud ne?"

Habsatu ta waiwaya ta dubi Mas'ud a jikin bango.

"Taurari ba su tsayawa," in ji Gogo. "Muna yara a rugarmu kusa da Gangara, ba mu da agogo. Tafiyar Kaza ce agogonmu."

"Gaskiyar Gogo ce," in ji Mushe. "Duniyarmu ce ke juyawa. Bututu yana nan inda kika bar shi. Gajimaren ne ya wuce. Ni ma da laifina, ban gaya miki ba kafin ki ruga."

Habsatu ta je wurin Mas'ud. "Ka yi haƙuri. Na ce ka yi ƙarya, alhali amana ka riƙe mini."

Mas'ud ya share hanci. "Tun da kika tafi sauro ke cizona, ban ko matsa ba."

"Na gode. Za ka taya ni nema?"

Ya tashi. Yanzu idanunsu sun sake sabawa da duhu. Mas'ud ya sa ido a Ɗan Goyo. Habsatu ta riƙe ƙarafan.

"Ga Kaza," in ji shi. "Ƙasa. Ga jan tauraro. Ƙara. Ga ukun nan. Dama kaɗan. Tsaya!"

Habsatu ta leƙa. Hayaƙin yana nan. "Gogo, maza!"

Gogo ta duƙa.

"Kar ki kalle shi kai tsaye," in ji Mushe. "Ki kalli..."

"Gefe. Na sani, Mushe. Haka muke gano ɗan maraƙi cikin duhu."

Ta daɗe a duƙe. Habsatu tana murɗa ƙarfen kaɗan kaɗan, don kada gajimaren ya sake wucewa.

"Allahu Akbar," in ji Gogo a hankali. "Shekara saba'in ina kallon wurin nan, ban san da shi ba. Allah ya yi muku albarka."

Kowa ya leƙa, har mai gadin lakol.

A hanyar gida Habsatu ta riƙe hannun Gogo. Ta gode wa Mushe, ta gode wa Mas'ud, yanzu kuma ta gode wa kakarta. A daren nan ta koyi abu guda: kafin ta ɗora wa mutum laifi, za ta tsaya ta bincika tukuna.