A Ƙofar Wankan Amarya

"Ba zan shiga ba."

Na tsaya cak a ƙofar hammam, gidan wankan unguwarmu, matan gidanmu da na gidan ango na bayana da kyandirori da bokitai, guɗar da suka ɗauko ta maƙale musu a wuya. Mama ta mintsine ni ta ƙarƙashin mayafi, tana raɗa mini in bar 'yar shimi a jikina, in ce kunya nake ji.

Wai kunya. A duk birnin Miknas wace amarya ce ke wankan aure da riga, alhali uwar miji ce za ta zuba mata ruwan farko?

Bara likitoci suka cire mini nonon hagu. Abin da ke wurin yanzu wata 'yar jaka ce a ƙarƙashin fata, suna ɗura mata ruwa kaɗan-kaɗan don fatar ta buɗe kafin su gina mini sabo. Tauri gare ta kamar ɗanyen lemo. Mama kuwa ta gaya wa duniya karatu na tafi Rabat. Ko sunan ciwon ba ta kamawa, sai dai "wancan abin".

Marwan, angon, ya san komai. Shi ke bi na asibiti a ɓoye, ya riƙe mini roba ina amai, yana rantsuwa wai ƙeyata ta fi kyau ba gashi. Amma ya gaya wa mahaifiyarsa, Lalla Zuhur? Kullum gobe.

"Bari azumi ya wuce, hasken idona..."

Azumi ya wuce, layya ta wuce. Na gaji da goben nan har wuya.

Hasna ce ta matso, 'yar ƙanwar Lalla Zuhur, wadda tun ƙuruciya take ganin Marwan nata ne. Ta taɓa hango ni a asibiti, shi ya sa duk ta fi kowa zumuɗin wankan nan.

"Sukaina, ko akwai abin da ba a so mu gani ne?"

Ko kallo ba ta ishe ni ba. Na ciro waya na shaida wa Marwan ya zo yanzu ya faɗa da bakinsa, in ba haka ba kowa ya kama gabansa. Ya fara cewa ai namiji ba ya tsayawa a ƙofar wankan mata, na kashe.

Tsayuwar ta yi tsawo. Kyandirori na narkewa, Mama na kuka ƙasa-ƙasa, ni kuwa zuciyata na ce mini ba zai zo ba. Tsoro ya kama ni sosai, don ina son matsoracin nan.

Sai ga shi da gudu, takalmi ƙafa ɗaya a hannu. Mata suka hau jan mayafi suna salati.

"Me ya kawo ka nan, ɗan nema?" in ji Lalla Zuhur.

"Mama... Sukaina ba karatu ta je ba." Ya dubi mahaifiyarsa. "Ciwon daji ta yi, na nono. An cire ɗaya, saura aiki guda a gyara wurin. Tun ranar farko na sani, tsoronki ya hana ni faɗa."

Lalla Zuhur ta ƙare wa ƙirjina kallo, ba ta ce sannu ba. Tambayarta ɗaya, da me zan shayar mata da jikoki.

Marwan ya ce, "Tana da rai, Mama. Na ga lokacin da ba mu da tabbacin wannan."

"To zaɓi, ko ni ko ita."

Ya sunkuya ya karɓi bokitina daga hannun Hasna, ya miƙo mini.

"Shiga ki yi wankanki, amaryata. Ina nan bakin ƙofa."

Lalla Zuhur ta juya, rabin matan suka bi ta. Sauran suka raka ni ciki, muka zauna a ɗaki mai sanyi, don likita ta hana ni zafi da cuɗa. Mama ce ta zuba mini ruwan farko. Ranar ta fara ganin tabon.

An ɗaura aure, Lalla Zuhur ba ta zo ba, har yau ba ta tako gidanmu ba. Wani lokaci nakan kama Marwan yana kallon lambarta a waya.

Na ce masa in yana so ya je, ya je.

"Zan je," ya ce. "Amma da ke zan shiga, ko kuwa mu juyo tare."