Ranar da Na Sa Aka Kashe Idon Mota

Ke Balaraba, wa ya koya miki irin wannan tambaya? Ki dubi tsabar idon kakarki ki ce wai me ya sa nake tsayawa a tsakar gida in kewaye wurin da babu komai? Ƙafarki ce ko tawa? A zamaninmu yarinya ta yi wannan sai ta kwana da zafin kunne. Kai kuma Tasi'u rufe baki, ba dariya na ba ka ba.

To, ku matso. Sau ɗaya zan faɗa, kuma kada in ji shi a bakin rijiya gobe. Ba labarin jarumta ba ne, abin kunyata ne.

Kun san Baffanku Rabilu, autana. Kun san ubana mai ɗori ne, kuma da ɗansa namiji ya ƙi sana'ar ni ya koya wa. Ban taɓa shiga aji ba, amma babu ƙashin da ya taɓa gagarata. Wannan ne ya sa kaina ya yi girma, har ba na jin maganar kowa.

Shekara huɗu ke nan, Rabilu ya zo da wata mota ja, mai ƙofa biyu, cikinta har yana shafar ƙasa. In ya tashe ta kajin unguwa sai su watse. Ya ce mini an ƙera ta ne don gudu, amma an sa mata ido gaba da baya. In ka kauce hanya ta ja sitiyari ta mai da kai. In taya ta so zamewa ta riƙe ta. In ta ga mutum a gabanta ta yi ƙara, ta taka birki da kanta.

Na ce, "To kai mene ne aikinka?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ranar wata Talata aka yi suna a gidan ƙanena, can bayan Ringim. Matarsa ta daɗe tana yi mini gori wai 'ya'yana ba su tsinana komai ba. Na ce da wannan motar za a kai ni, a tsayar da ita a ƙofar gidanta. Na sa sabon leshi fari, na yafa gyale mai ruwan zuma, na ɗora langar soyayyen man shanu a cinya don mai jego.

Rana ta take tsaka muka hau sabuwar kwaltar da aka yanka ta cikin wani tsohon kufai. Ba gida, ba mutum, ba ko akuya. Gonakin dawa an girbe, sai kara a tsaye. Irin lokacin nan ne da inuwar mutum take shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Ni da bakina nake hana ku fita a wannan lokaci.

Sai motar ta fara: tit, tit, tit-tit-tit. Ta ci birki.

Langa ta kife. Man shanu tun daga ƙirjina har gwiwa.

Na ce, "Kai Auta, haukacewa ka yi?"

Ya ce, "Inna, ba ni ba ne. Ita ta tsaya."

Na duba gaba. Kwalta fetal, sai rawar zafi.

Ya ja baya, ya sake gwadawa a hankali. Daidai wurin ta sake tsayawa. Ya kauce ɗaya hannun. Ta tsaya. Sau uku.

Ya ce, "Inna, ko mu sauka ta gefen gona mu zagaya?"

Ku ji fa. Yaron da na goya shi ya faɗi daidai. Ni da na shekara sittin ban taɓa zubar da ruwan zafi a ƙasa ba sai na yi bismilla, don kada in ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Ni da nake dukan ku in kun yi jifa da magariba. A ranar ban tuna da ko ɗaya ba. Leshina kawai nake kallo, ina hango bakin matar ƙanena.

Na ce, "Ana iya kashe abin nan?"

Ya yi kamar bai ji ba.

"Da kai nake."

Ya ce, "Ana iyawa. Amma a filin tsere ake kashewa, inda aka kewaye, babu mai giftawa. Ba a kan hanya ba."

Na ce, "Jaki ma in ya yi turjiya sanda ake sa masa, balle ƙarfe. Ni na haife ka ko ita? Kashe."

Ya sa yatsa a wani ɗan allon gilashi da ke gabanmu, ya danna nan, ya danna can. Wasu fitilu rawaya suka kama. Ya ce, "Inna, tana tambaya wai an tabbata?"

Na ce, "Ce mata ni Tabawa na tabbata."

Har sau biyu ta tambaya. Ƙarfe ya ba ni damar tuba sau biyu, na ƙi.

Ya ja baya da nisa. Ya taka totur. Motar ta yi gurnani, ta manna ni da kujera. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi.

Sai na ji ƙas.

Ba ƙara mai yawa ba. Kamar an taka busasshen kara. Amma ni mai ɗori ce. Na san wannan ƙarar.

Injin ya mutu. Motar ta ja ta tsaya, ta ɗan gangaro baya da kanta. Shiru. Ko kukan kurciya babu.

Rabilu ya ce, "Inna. Ƙafata."

Ƙafarsa ta dama tana kan totur, ta ƙi ɗaguwa. Na taɓa ƙwaurinsa. Sanyi kamar gindin randa. Na tsunkule shi, bai ji ba.

"Sannu, 'yar mai ɗori."

Mace ce tsaye a jikin tagata. Ban ga zuwanta ba. Doguwa, da baƙin zane ɗaurin ƙirji, kanta ba ɗankwali. Abin da ya fara tayar mini da tsigar jiki shi ne maganar takan iso kunnena tukuna, sannan bakinta ya motsa. Na sunkuyar da kai don kada in ga fuskar. Sai na ga ƙafafun. Ba takalmi a kan kwaltar da ke narkewa, kuma duga-duganta ne ke fuskantata.

Na ce, "A'uzu billahi."

Ta ce, "Mu ma mun san shi. Ba shi na zo ji ba. Ɗana yana kwance a gaban abin hawanki."

Na ce, "Ban gan shi ba."

"Ƙarfe ya gan shi. Sau uku ya tsaya masa. Ƙaya yake cirewa a ƙafa, shi ya sa bai tashi ba. Gidanmu ne nan tun ba a haifi kakanki ba. Kuka shimfiɗa hanya a tsakar gidanmu, muka yi haƙuri. Mun sha jin labarinki, wai akwai wata tsohuwa mai ladabi da ba ta taɓa ƙona mana yaro ba. Ashe ke ce."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Ƙafa da ƙafa. In nawa ya taka, naki ya taka. In inuwa ta fito daga ƙarƙashin motar nan ba ki ɗora shi ba, naki ya gama tafiya a duniya."

Na buɗe ƙofa na fita. Na je gaban motar. Ban ga komai ba, sai kwalta. Na laluba nan, na laluba can, iska kawai.

Na ce, "Baiwar Allah, nuna mini shi."

Ta ce, "Ba ni da idon da zan ara miki. Kina da ɗaya, kika sa aka kashe."

Na koma wajen tagar Rabilu. Tun da aka haife ni ban taɓa roƙon ɗan da na haifa ba. Ranar na yi.

Na ce, "Auta, don Allah kunna abin nan."

Bai ce mini ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa ma da na samu abin yi wa faɗa. Ya danna. Injin bai tashi ba, amma allon ya kawo haske. Ya nuna hoton gaban motar, da ni a tsaye cikin leshi mai maiƙo. Kusa da tayar dama kuma ya zana wani ɗan jan akwati, babu komai a cikinsa. Tsawonsa bai wuce na Tasi'u in ya kwanta ba.

Tit. Tit. Tit.

Na karyo karan dawa shida a bakin gona, na fere su da haƙori. Na yayyaga gyalen nan nawa. Na durƙusa. Kwalta ta kama gwiwoyina kamar kaskon tuya. Tabon da kuke gani in ina alwala, ba na murhu ba ne kamar yadda na gaya muku.

Rabilu yana kallon allo yana ce mini, "Hagu, Inna. Ƙara kaɗan. Gaba. Tsaya, hannunki ya shiga akwatin."

Sai na taɓa shi.

Sanyi. Fata mai laushi kamar ta jariri. Na bi da yatsu, ga gwiwa, ga ƙwauri siriri. Ƙafar a juye take irin ta uwarsa, sai da na tsaya na sake lissafin yadda ƙashin zai zauna, don kada in gyara masa ita irin tamu in nakasa shi. Karaya ɗaya ce, a tsakiya. Da na danna wurin, motar ta rikice: tit-tit-tit-tit. Na sassauta, ta lafa. A nan na gane. Ba na jin kukan yaron, motar ce take yi masa.

Uwar tana tsaye a kaina. Ba ta da numfashi.

Na saci kallon ƙarƙashin motar. Bakin inuwa ya fara leƙowa, kamar faɗin yatsa biyu.

Na ce, "Yaro, yi haƙuri. Ni na yi maka, ba ɗana ba." Na yi bismilla, na tofa abin da ubana ya koya mini, na shafa man shanun da ke jikin rigata, don shi kaɗai ne man da ke wurin. Na riƙe sama, na ja ƙasa.

Motar ta yi wata doguwar ƙara har sai da haƙorana suka amsa. Ƙashi ya koma gidansa. Na jera kara, na ɗaure tamau.

Shiru.

Rabilu ya ce a hankali, "Inna, akwatin ya tashi."

Da idona na gani, ba a allo ba. Karan dawa shida ɗaure da tsumman gyalena suka ɗaga sama, daidai kwankwason matar, kamar an saɓa yaro. Suna lilo, babu ƙafa a ciki.

Rabilu ya yi ƙara, ya janye ƙafarsa daga totur.

Matar ta juyo. Ta ce, "Hannunki ya fi kanki hankali. Ba ma cin aikin mutum, ga ladanki." Ta miƙo yatsa ta taɓa kunnena na hagu. "Tunda kin ƙi ji daga ƙarfe, ki riƙa ji da naki."

Ta shiga gona. Sawunta na nuna ta nufo mu, ita kuwa tana nisa.

Ba mu je sunan ba. Na aika aka ce mota ce ta lalace. Matar ƙanena ta yi shekara tana ba da labarin motar da ta kasa kai tsohuwa Ringim, ni kuwa na haɗiye, don gorin ya fi gaskiyar sauƙi. Baffanku ya yi kwana arba'in yana ɗingishi, daidai kwanakin da ƙashi ke ɗauka. Ranar ta arba'in na fito da safe na tarar da karan nan shida a ƙofar ɗakina, an kwance, tsumman an wanke an ninke. Ran nan ya taka garau.

Har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba. Yakan durƙusa ya gaishe ni kamar da. Ni ce ba na iya kallon ƙafarsa ta dama.

Kunnen kuwa, tun daga ranar, in na doshi inda ɗaya daga mutanen ɓoye yake zaune, sai ya fara. Tit. Tit. In na matsa ya ƙara sauri. Babu madannin da ake kashe wannan. Shi ya sa kuke ganin ina tsayawa, in yi sallama, in kewaye. Ba tsufa ba ne, Balaraba. Kin ji amsarki.

Saboda haka ku ji da kyau. Kada wanda ya bi hanyar kufan nan shi kaɗai da tsakar rana. In kun girma Allah ya ba ku abin hawa, ya tsaya a inda ba ku ga komai ba, ku sauka ku zagaya. Rashin ganinku ba shi ne babu ba. Kuma duk tsohuwar da ta ce ku kashe, ko ni ce, ku ce mata a'a.

To, ya isa. Ku tashi ku kwanta. Balaraba, ɗauke tabarmar. Tasi'u, ba ta nan ba! Bi ta bayan turmi, ka yi bismilla. Tun da na fara labarin nan kunnena yake ƙara ta wajen ƙofar ɗakinku, kuma wanda ke zaune a wurin ya fi ku iya saurare. Maza, kada in sake jin tari.