Wuri na Tara

Tun da Yaya Barau ya dawo daga Kudu ba ya shanye ruwa. Sai ya sha rabi, ya leƙa cikin kofin, ya zubar da sauran. Ɗan kawunmu ne, ya yi shekara uku yana aikin awon ruwa a bakin teku, can gaba da Fatakwal. Ran nan bayan mun ci tuwon dare, ni da ƙanwata Tasalla muka tsare shi da tambaya. Sai ya ce mu matso, ba zai iya ɗaga murya ba. Ga abin da ya faɗa mana.

Laka nake aunawa, wadda ke yawo cikin ruwan teku. Akwai wani farin faifai na ƙarfe, da igiya mai ƙulle-ƙulle. Ka saka shi a ruwa, ka yi ta sakin igiya har idonka ya daina ganinsa, sai ka ƙirga ƙulli ka rubuta. In ƙullin kaɗan ne, ruwan ya cika laka ke nan. Ka kuma cika kwalba a kai ofis a tace.

Teku ba ta ƙarewa, man jirgi kuwa yana ƙarewa. Wuri tara kawai aka ba ni in riƙa aunawa. Sauran duk kwamfuta ce ke kintata, ta zana taswira, a ga inda ruwa ya riga ya lalace. Can za a juye taɓon da jirgin yasa ke kwasowa daga hanyar manyan jirage.

Wuri na tara ya fi kowanne nisa. Kafin ka gama na takwas rana ta dafa ka, gishiri ya tsattsage maka leɓe. Sati shida da fara aikin, ban taɓa zuwa ba. Sai in rubuta masa lambar na takwas, ƙulli uku, in cika kwalbarsa a nan. Na ce ai kwamfutar ma kintace take yi. Na gaji ne, wallahi. Ke Tasalla, rufe bakin nan kafin sauro ya shiga.

Sati na bakwai direban jirgin ya kwanta ciwo, na fita ni kaɗai. Ɗan Yawuri ne ni, ruwa bai ba ni tsoro. Rana tsaka ta same ni a wuri na takwas. Iska ta ɗauke. Tsuntsaye suka yi tsit.

Sai ga kwalekwale. Tsohuwa ce ciki, da shuɗin zane. Tana tuƙi, amma filafilinta a bushe yake. Ruwan ma bai tsage a bayanta ba.

Ta yi sallama da Hausa, irin ta kakarmu. Na amsa. Bakinta na motsi a gabana, muryar kuwa daga ƙarƙashin jirgina take fitowa. A tafin ƙafa nake jin ta.

"Kai ne mai faifai?"

"Ni ne, Inna."

"Kai ka rubuta gidana ƙazami ne?"

"Ban san gidanki ba, Inna."

"Na sani. Ba ka taɓa zuwa ba. Taho."

Ban tada inji ba. Jirgin ya bi ta da kansa, har wuri na tara.

"Yi sallama tukuna," ta ce. "Gidan mutane ne."

Na yi sallama, na saki igiya. Uku. Goma. Ashirin. Igiya ta ƙare a talatin, faifan yana nan fari tas. A ƙarƙashinsa na ga tsakar gida, shararriya, har da sawun tsintsiya a yashi. Tukwane a kife a gefe. Wani ɗan ƙaramin hannu ya miƙo zai taɓa faifan, aka janye shi da sauri, yadda uwa ke janye yaro daga murhu.

"Kullum sai na share," in ji tsohuwar. Ba faɗa take yi ba. Muryar wadda ta gaji ce. "Na tsufa, ɗan nan. In aka juye mana taɓon can, ya fi ƙarfina, jikokina kuma ba su da inda za su. Rubuta abin da ka gani."

Na rubuta talatin. Da na ɗago babu ita. Don ruɗewa ko kwalba ban cika ba.

Shugabar aikinmu mace ce mai kirki. Ta bi littafina da yatsa: uku, uku, uku, har sau shida, sannan talatin.

"Barau, wannan kuskure ne ko? Kai da kanka ka samu uku sau shida."

Ta jira. Wallahi ta jira ni. Abin da ya rage in ce shidan ne ƙarya, ɗayan ne gaskiya. Na tuna aikin, na tuna kunya a gaban mutane. Na ce, "Wataƙila rana ce ta ɗauke min ido." Ta goge talatin ɗin.

Bayan wata biyu jirgin yasa ya tsaya a wuri na tara. Kwana goma sha ɗaya yana juyewa. Ina wuri na takwas ina kallo.

Nan Yaya Barau ya tsayar da labarinsa. Tasalla ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, tsohuwar ta dawo ta kama ka?"

"Da ta kama ni da na huta. Je ki ɗebo min ruwa."

Ta ɗebo daga randa. Mun haska fitila mun gani, garau yake. Ya karɓa, ya sha rabi, ya karkato mana kofin. Baƙar laka ce kwance a gindinsa, tana warin gishiri.

"Sharar gidanta ce," ya ce. "Tana aiko min da rabona. Kada ɗayanku ta shiga ruwa ita kaɗai da rana tsaka. In kuma aka tambaye ku wurin da ba ku je ba, ku ce ba ku je ba."

Na ce, "Yaya, ai kaɗan ce. Wataƙila ta fara hucewa."

Ya ajiye kofin.

"A da har rabi take kaiwa. Kullum raguwa take. Ba hucewa ba ce, Delu. Mai sharar ce ƙarfinta ke ƙarewa."