Makullin Aïssata

Ranar Alhamis da hantsi Yusha'u mai gyaran na'urori ya buɗe akwatin ajiya, ya tarar muryar taron burtali ta ɓace.

Akwatin wata ƴar baƙar na'ura ce da ke bisa kanta a wani ƙaramin gidan radiyo na Konni. Duk abin da aka naɗa, odinatocin gidan, wato kwamfutoci, na aika mata kwafinsa, don ko ɗaya ta mutu kar aiki ya bi ta. Cikinta aka adana muryar taron da manoma da makiyaya suka yi bara wajen Alela, inda kowa ya faɗi iyakar hanyar shanu da bakinsa. Ranar Litinin alƙali zai saurare ta. To ga shi an goge ta a odinatar studiyo, an bi ta har akwatin an goge.

Badi'a jandarma ce aka turo. Aka ba ta kujera ta ƙi zama, sai kai da kawowa take tsakanin taga da kanta.

"Kai ka haɗa wannan abu?"

"Ni ne, madam," in ji Yusha'u. "Da, kod guda gare mu na buɗe akwatin, manne ga bango, har mai shara ya iya shi. Watan jiya na ba kowa sunansa da kod nasa. Kowa na iya saurare. Gogewa kuwa, daga ni sai Aïssata mai kula da ajiya."

"Akwatin na rubuta wanda ya shiga?"

Ya juyo mata da allon. Jiya Laraba, sha ɗaya da minti ashirin, daga odinatar studiyo, da sunan Aïssata. Shiga ɗaya, babu lalube.

"Kai kana ina?"

"Malbaza, ina gyaran eriya. Mutum shida sun gan ni bisa ƙarfe. Muryar ma bai yiwuwa ta ɓace duka, abin da aka goge na yin kwana talatin cikin wani lungu da ni kaɗai ke buɗewa. Amma direkter ya ce yau Aïssata za ta aje makullan buro, ta bar aiki."

Aïssata na zaune a baranda, dattijuwa, shekara goma sha tara tana wannan aiki. Ta ce jiya kasuwa ta tafi sayen albasa, ita kaɗai. Ba ta ba kowa kod ɗinta ba, ba ta rubuta shi ko'ina ba.

"To faɗa mini shi, Inna."

Aïssata ta girgiza kai.

"Inna, in ba ki taimake ni ba, da ke zan koma birgad, ofishinmu."

"A tafi da ni, ɗiyata. Ba ni faɗi."

Ran Badi'a ya ɓaci. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga yadda matar ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kai ido ƙasa tana murza yatsu. Wannan ba tsoro ba ne. Badi'a ta san wannan sunkuyawar tun tana ƙarama. Haka mahaifiyarta ke yi duk ranar da wani ma'aikacin lakwal, wato makarantar boko, ya tambaye ta sunan babban yayansu.

Ta durƙusa kusa da ita, ta rage murya.

"Kod ɗin, sunan ɗanki na fari ne?"

Aïssata ta ɗaga kai sau ɗaya.

"Yusha'u ya ce mu zaɓi abin da ba mu taɓa faɗa wa kowa da baki," in ji ta. "Sunan surukina aka sa mashi, kunya biyu ke nan. Nan Konni Abba kowa ke ce mashi. A Tajaye na haife shi, gidanmu."

"Wa ya je bikin sunan daga nan?"

"Maigidana na cirani lokacin. Abokinsa ya tsaya mashi, shi ya kai goro, shi ya raɗa wa liman sunan. Illa, na gidan nan."

Mutum biyu ne suka yi aiki a studiyo jiya da safe. Badi'a ta fara da Yasir, mai shirin waƙoƙi, wanda bara aka kawo shi daga Damagaram.

"Ranar da aka raba kod, kana nan?"

"Duka muna nan. Kowa ya zo bugawa sai Yusha'u ya juya baya kamar sabon ango gaban surukai."

"Wa ke kusa da Aïssata?"

"Baba Illa. Shi ya gyara mata kujera ma."

"Ɗanta na fari fa, mi sunansa?"

"Abba mana. Wanda ke Agadas. In wani suna gare shi, wallahi ban kai can ba."

Illa shi ke karanta sanarwar suna da rasuwa tun buɗe gidan. Ya shigo da fara'a, yana gyara hula.

"Sannu da aiki, shef. Abin bai yi daɗi ba. Ni dai ban ce ita ce ba, amma mutum sai Allah."

"Jiya ƙarfe nawa ka gama?"

"Sha ɗaya. Na ɗan zauna shan iska."

"Kun daɗe da ita?"

"Kamar ƙanwata ce, ai."

"Mi sunan ɗanta na fari?"

Ya ɗan tsaya. Kaɗan ne, amma Badi'a ta gani.

"Abba. Abba kawai na sani."

Sai a lokacin Badi'a ta ja kujera ta zauna.

"Baba Illa, da ka faɗa mini sunan, da na ce tsohon aboki ne ya tuna. Kai ka raɗa shi a kunnen liman a Tajaye. Mai laifi kaɗai ke da dalilin manta shi yau. Wanda ya shiga akwatin bai yi lalube ba, ya san abin da zai buga. Yusha'u na Malbaza. Yasir bai san sunan ba. Kai kana gefenta lokacin da aka ce a zaɓi abin da baki bai faɗi, ka ga ta ja mayafi, ka gane."

Illa ya cire hula ya aje bisa gwiwa.

"Ƙanena ya shuka hatsi cikin burtalin," in ji shi a hankali. "Muryarsa na ciki, yana cewa ya yarda da iyakar. Na ɗauka za a ce na'ura ce ta lalace. Ban san tana rubuta suna ba."

"Da ka ji tana rubutawa fa? Tun safe matar nan ke baranda."



Kafin azahar Yusha'u ya maido da muryar, direkter ya miƙa wa Aïssata makullanta yana ta ba da haƙuri. Saura sabon kod.

"Wannan karon ban da sunan mutum, Inna," in ji Yusha'u.

Ta daɗe tana kallon maɓallan.

"Shekara ashirin da huɗu ban kira yaron nan ba," in ji ta. "Wata guda ke nan kullum da safe ina kiran shi da yatsu."

Yusha'u ya sosa ƙeya. "To... a bar shi ciki. Ki ƙara mashi abin da ko Illa bai sani ba, gaba da baya."

Ta matso da kujera. Yusha'u ya juya baya. Badi'a ma ta juya, ta tsaya cik tana kallon bango, har ƙarar maɓallan ta ƙare.