Tagullar Ramin Zongo

"Sauko, oga. A hankali."

Direban babbar motar ya dubi bakin bindiga, ya dubi Nata'ala, ya diro hannu sama. Hantsi ne, rana fayau, a ƙofar katangar kwanon da ta kewaye ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Abokinsa Zulkifli ya kwantar da maigadi, ya ƙwace masa waya. Na ukunsu, Abdel, yana bakin titi bisa babur, yana gadin hanya.

Nata'ala ya san wurin nan ciki da bai. Shekara shida da suka wuce, shi ne direban katafilar kamfanin da ke aikin. Da hannunsa ya rushe gidaje goma sha huɗu a unguwar Zongo ta Lome, har da na mahaifiyarsa, Inna Ajaratu, don an ce nan za a kafa tasha. Aka haƙa rami, aiki ya tsaya. Ruwa ya cika shi, sauro ya samu gida. Yanzu kuma kamfanin yana sulalewa da kayansa zuwa tashar jiragen ruwa. Lodin yau wayar tagulla ce, kuma Abdel ya ce ya samo mai saye a unguwar Bè-Kpota.

"Hau mu tafi, Zulki!"

Motar ta yi gurnani ta fito.

A mahaɗar gaba, Sufeto Kossi yana zaune cikin mota da mutanensa takwas. Saƙo ya shigo wayarsa: su biyu ne a ciki. Ya ce, "Ku rufe hanya."

Nata'ala ya hango shingen ƙusoshi. Ya kuma hango Abdel ya wuce su da gudu, ya je ya laɓe bayan motar 'yan sanda.

"Yaya, ɗan iskan nan ya sayar da mu," in ji Zulkifli.

"Na gani. Sunkuya."

Bai sunkuya ba. Ya leƙa da bindiga—tau! tau! 'Yan sanda suka rama, gilashi ya tarwatse, Zulkifli ya zube jikin ƙofa, jini na bin wuyansa.

"Ku fito hannu sama!" Sufeto ya yi tsawa.

Nata'ala ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar, ya zame abokinsa zuwa gefen titi. Sannan ya sa giyar baya, ya take mai. Motar ta koma inda ta fito, ta keta katangar kwano—Nata'ala ya yi tsalle ya faɗa kan tsakuwa. Ta tafi da baya, ta yi tsaye a bakin ramin, ta kifa. Koren ruwa ya tashi sama, ya dawo ya rufe ta.

'Yan sanda suka danne Nata'ala, suka sa masa ankwa. Sufeto ya tsuguna kusa da kansa.

"Ka san abin da ka nutsar?"

"Na sani. An ce don Zongo aka kawo ta. To, ta zauna a Zongo."

Zulkifli bai kai asibiti ba. Ya bar matarsa Safina da cikin wata bakwai. Abdel ya yi mako guda babu mai amsa masa sallama, sai ya bar Lome. Nata'ala ya samu shekara goma sha biyar da karyayyar kafaɗa.

Inna Ajaratu ta zo ganinsa a kurkuku, ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗan nan, ka yi nadama kuwa?"

"Ta Zulkifli, Inna, har in koma ga Allah." Ya ɗaga kai. "Motar kuwa, da za a ba ni wata, ita ma can za ta."