Waken da Ya Ƙi Mutuwa

Abu na farko da Auta ta taɓa ce wa Dogo shi ne, "Malam, ɗauke wannan allon naka, ka tare wa wakena rana."

Dogo ya juyo da farantin sola a hannu, ya kalle ta, ya manta inda ya nufa da shi. Ɗalibin fiziks ne a shekarar ƙarshe, aikin bincikensa kuma shi ne auna yadda zafi ke rage ƙarfin sola. An ba shi ɗan fili a jikin rumfar raga da ɗaliban nazarin tsirrai ke gwajin shuka. Ita Auta, wadda sunan gida ya biyo ta har jami'a, tana da tukwanen wake layi biyu a cikin rumfar.

"Yi haƙuri," ya ce. "Ban san ranar da mai ita ba."

"To yanzu ka sani."

Ba a daɗe ba ta yi masa bayanin aikinta dalla-dalla. Layin dama ana ba shi ruwa kullum. Layin hagu kuwa da gangan ake hana shi, don a ga iya lokacin da wannan irin zai jure fari kafin ya mutu. Ta yi bayanin da kyau, har da zane a ƙasa. Dogo ya yi ta gyaɗa kai. Abin da ya riƙe a cikin bayanin kaf shi ne tana da wushirya.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Barka da hutawa, hasken idona. Yau na auna rana sau da yawa, ban samu abin kirki ba sai da kika fito."

"Ka rubuta haka a babi na huɗu ka ga abin da malaminka zai yi maka. Ka ci abinci dai?"

Babanta tsohon shugaban makaranta ne, mutumin da har gaisuwa sai ya gyara wa mutum. Da Dogo ya je gaishe shi, ya bar shi a tsugune ya ƙare masa kallo ta saman gilashi.

"Fiziks, ko? Madalla. Yaro, a gidan nan digiri ake fara shigowa da shi, sannan miji. Idan ta gama bana, ka turo manyanka. Idan ba ta gama ba, ban san ka ba."

Akwai kuma wani mai neman nata, mataimakin Farfesar da ke duba aikinta, wanda ɗalibai ke kira Mai Kwat saboda ko ana narkewa ba ya cire ta. Shi soyayyarsa ta hanyar gyara mata rubutu da jan biro yake yin ta. Auta tana karɓar gyaran ta bar masa sauran.

Sai abin mamaki ya faru. Waken layin hagu ya ƙi mutuwa.

Littattafai sun ce ya kamata ganyen ya yi yaushi, ya naɗe, ya zube. Shi kuwa kore shar, har da fure. Auta ta taɓa saman ƙasar tukwanen, a bushe ƙamas. Na'urar auna damshin ƙasa ta sashen ta lalace tun kafin a ɗauki Auta a makarantar, ana nan ana jiran kwamiti. Makonni suka shuɗe, layin hagu ya fara fitar da 'ya'ya.

Farfesa, mace mai shekaru wadda ba a taɓa ganin ta yi sauri ba, ta zo rumfar da gudu-gudu. Ta tsaya riƙe da baki.

"'Yata, kin san abin da kika samo kuwa? Duk rayuwata abin da nake nema ke nan!"

Kafin yamma shugaban tsangaya ya ji. Aka sa ranar da Auta za ta gabatar da sakamakon a gaban dukan malamai. Baba ya sa aka fito masa da rigarsa ta taro, ya sanar da maƙwabta cewa dama tun tana firamare ya ga alama.

Ana gobe taron, da la'asar, Auta na zaune tana bitar jawabinta sai wayarta ta yi ƙara. Saƙon Dogo ne.

"Zumata, ina taya ki murna. Bari in tona asirin kaina tunda komai ya yi kyau. Na lura famfo na da nisa, kina gajiya kafin ki kai layin hagu. Shi ne kullum da sassafe idan na zo saita sola nake zuba musu ruwa a farantin da ke ƙarƙashin tukunya, yadda Mamata ke yi wa furanninta. Ban so ki sani ba, kada ki ce na wahala. Kin ga yadda suka yi kyau?"

Auta ta karanta. Ta sake karantawa. Ta ajiye wayar a hankali kamar ƙwai, ta je ta wanke fuska, ta dawo, saƙon yana nan bai canja ba.

Ta same shi a bakin rumfar yana naɗe wayar sola, fuska cike da murmushin wanda ke jiran godiya.

"Dogo, me na ce maka nake bincike a kai?"

"Wake."

"Wake da me?"

Ya dakata da naɗin wayar. Daga can nesa, bayanin da aka taɓa yi masa da zane a ƙasa ya fara dawo masa a hankali, kalma bayan kalma. Murmushin ya zame. Wayar ta suɓuce daga hannunsa.

"Innalillahi. Fari."

"Fari! Kai ɗan kimiyya ne fa! Shekara huɗu ana koya maka kada ka taɓa gwajin da ba naka ba!"

"Wallahi tausayi suka ba ni, rabin raina..."

"Kada ka sake kira na rabin komai. Ka kashe ni gaba ɗaya."

Mai Kwat, wanda kunnensa ke isa wurin da ƙafarsa ba ta kai ba, ya tare ta a baranda.

"Kwantar da hankalinki. Wa ya sani ban da mu uku? Ki yi jawabinki gobe, ki karɓi digirinki. Ni zan riƙe bakina. Abin da kawai nake so, ki riƙa tuna wanda ya rufa miki asiri."

Auta ta kalle shi daga kwat har takalmi. Idan ta yi shiru, digiri bana, aure bana. Idan ta yi magana, sai ta sake shuka, ta ƙara zango, Baba kuma ba ya maimaita magana.

"Idan manoma suka shuka shi ya mutu musu fa?" ta ce.

"Kafin nan ai mun daɗe da barin nan."

Da safe ta nufi ofishin Farfesa. Ta tura ƙofa ta tarar an riga ta. Dogo ne a tsaye, hula a hannu, ya gama bayani. Farfesa na zaune bakinta a buɗe, shayinta ya huce.

"A faranti," Farfesa ta ce, kamar mai magana cikin barci. "Daga ƙasa. Na kira shugaban tsangaya. Na kira mijina. Na yi kuka, yaro, na yi kukan murna a gaban direbana."

"Ranki ya daɗe, laifina ne ni kaɗai. Ni a kore ni, ita a bar ta."

"Korarka ai hutu ne." Ta juya ga Auta. "Ke kuma me ya kawo ki?"

"Abin da ya kawo shi, ranki ya daɗe."

Farfesa ta daɗe tana kallon su. Sannan ta soke taron, ta ce Auta za ta sake gwajin daga farko, ta kuma sa a yi wa rumfar kwaɗo.

A gida, Baba ya saurari labarin sanye da rigar taron da bai samu zuwa ba.

"Ban gane ba. Yaron ya ba shuka ruwa, shi ya sa ba ki gama ba?"

"E, Baba."

"A zamaninmu wanda bai ba da ruwa ba ake duka." Ya cire gilashi ya goge. "To, na faɗa tun farko. Ban san shi ba."

Umma ta ce, "Ai da sun yi shiru da yanzu kana can kana tafi. Su biyun suka kai kansu."

Baba ya mayar da gilashinsa ba tare da ya gyara mata magana ba, abin da a tarihin gidan bai taɓa faruwa ba.

Dogo ya gama nasa karatun ya fita, amma kullum yana bakin rumfar, ta waje. Auta ta yi wata guda ba ta ce masa uffan ba. Ya riƙa ɗauko mata ruwa daga famfo ya ajiye a ƙofa, ya koma jikin raga ya tsaya yana kallon sabon layin hagu yana yaushi, fuskarsa kamar mai jinya.

Wata rana saƙo ya shigo masa.

"Na ga kana rama tare da waken. Ka ci abinci, Dogona. Amma idan ka matso kusa da tukwanen nan ko da yawu ne, na fasa."

Ranar da tukunya ta ƙarshe ta bushe, Baba da kansa ya zo ɗaukar Auta. Ya tarar da 'yarsa tana tsalle a gaban matattun shuke-shuke, Farfesa na tafa hannu, wani dogon yaro kuma na share hawaye a bayan raga.

"Sun mutu, Baba! Duk sun mutu!"

Baba ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar shi kaɗai ne mai hankali a wurin.

Sakamako ya fito, Auta ta ci da daraja. Baba ya riƙe takardar ya karanta har ƙasa, bai samu abin gyara ba. Ya ɗago ya dubi Dogo da ke tsugune.

"Kai, tashi. Yanzu na san ka. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure cikin dangi da abokan karatu. Mai Kwat ma ya zo, cikin kwat. Baba ya dafa kawunansu, muryarsa ta ɗan karye, ya yi tari don kada a lura.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kai kuma, idan matarka na magana, ka daina kallon bakinta, ka saurari abin da ke fitowa."

Kowa ya ce amin. Ta Auta ta fi ta kowa ƙarfi.