Kati a Gurbin Littafi

Sufeto bai gama kurɓar shayinsa ba aka bugo waya: an fasa ɗakin tsofaffin rubuce-rubucen hannu, an ɗauke littafin da ya fi kowanne tsufa. Ya bar kofin nan ya fice. Shi dai a ba shi sata mai ɗaure kai, ya fi masa ƙarin girma daɗi.

A bakin ƙofa ya tarar da wani Alhaji yana ta kumfar baki. Kakansa ne ya tara littattafan, kuma gobe za a yi taron raɗa wa tarin sunan marigayin. Ga akwatin gilashi an kafa a zaure, fitilu sun kewaye shi kamar shagon gwal, amma babu abin sakawa. Maigadi kuwa yana tsugune da ankwa a hannu, don Sajen da ya riga Sufeto isowa bai jira kowa ba.

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji Alhaji. "A kai shi kotu yau ɗin nan."

"Baba, me ka ji?" Sufeto ya tambayi maigadin.

"Tsawa kawai, yallaɓai. Ruwa aka kwana ana yi, kafin asuba ya ɗauke. Wallahi ko karatun ban iya ba."

Tausayin tsohon ya kama Sufeto. Ya san in bai samo littafin ba, wannan bawan Allah ne zai kwana a gidan yari.

A ciki ya sami Farfesa, wani siririn dattijo da fensir a bayan kunne. Shi ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin littattafan ɗaya bayan ɗaya, yana gano marubucin kowanne, yana ba shi lamba. Taga a fashe take, kantar da ke ƙarƙashinta ta jiƙe sharkaf, kuma babu komai a kanta. Can nesa kan tebur an jera ƙunshin littattafai cikin fatunsu, an lulluɓe da farin ƙyalle.

"Wa ya kwashe su daga nan?"

"Ni ne, da na shigo da safe."

Sufeto ya kai hannu zai ɗaga ƙyallen.

"Wanke hannunka tukuna," Farfesa ya ce da sauri.

Ya wanke, ya dawo ya shafa fatun. A bushe suke ƙayau. Ya haɗiye murnarsa.

"Ina mazaunin wanda aka sace?"

Farfesa ya nuna wata kanta a lungu. A gurbin littafin, wani farin kati ne tsaye tsakanin maƙwabtansa, babu rubutu a jiki.

"Wannan fa?"

"Ƙa'idar aiki ce. Duk wanda ya zare littafi sai ya sa kati a gurbinsa, don kada jeri ya rikice. Ko cikin barci..." Sai ya katse maganarsa.

Sufeto ya yi dariya har da tafa hannu. "Saje, kwance wa Baba ankwa. Tunda nake aikin nan ban taɓa ganin ɓarawo mai ladabi irin wannan ba. Ya fasa taga, ya tuna ana ruwa, ya kwashe littattafai ya lulluɓe su. Da safe ka kwashe su, Farfesa? Ai da sun sha ruwa sun ƙoshi. Sannan ya ɗauki abin da ya zo nema, hannunsa ya sa kati ba tare da ya shawarce shi ba."

Farfesa ya zauna a hankali. "Yana gidana, cikin akwatin tufafi. Ko ƙwarzane babu."

"Kai?" Alhaji ya dafe ƙirji. "Nawa aka saya?"

"Sayarwa? Alhaji, sau nawa na roƙe ka? Jar tawadar nan ba ta jure haske. Ka ce sai littafin ya zauna ƙarƙashin fitilun can har ƙarshen shekara, don baƙi su ɗauki hoto. Kafin nan rubutun littafin kakanka ya koɗe, sai suna a bango da farar takarda."



"Ka ji tausayin littafi," in ji Sufeto, "amma ka bar tsoho da ankwa tun safe kana kallo."

Nan ne Farfesa ya sunkuyar da kai. Ya dubi maigadin ya ce, "Ka yafe mini, Baba." Maigadin ya ci gaba da murza wuyan hannunsa.

Saje ya tasa Farfesa gaba. Da suka iso zaure, dattijon ya ja ya tsaya a gaban akwatin gilashin, idonsa ya ciko. Sufeto ya dubi Alhaji. Alhaji ya daɗe yana kallon fitilun, sannan ya taka da kansa ya kashe su.

"Yanzu mu je," in ji Farfesa, ya zare fensirin daga kunnensa ya ajiye kan akwatin.